Daga turke zuwa hannun mai saye: yadda ake kiwon shanun tatsa a gida

Tun da aka fara ganin garwar madara tana fita daga gidanmu kowace safiya, tambayar da ake yi mini ba ta wuce guda ɗaya ba: "Malam, shanu nawa zan saya in fara, kuma wane iri?" Wasu su tare ni a ƙofar masallaci, wasu su bugo waya da daddare. Na ga gara in zauna in jera abin daki-daki yadda nake yi. Amma tun kafin mu yi nisa, ka sani sayen saniya shi ne mataki na huɗu. Mafi yawan waɗanda na ga sun karye a wannan sana'a, saniyar suka fara saye, sannan suka shiga neman abin da za ta ci da wanda zai karɓi madararta.

1. Fara da mai saye

Madara ba hatsi ba ce da za ka zuba a rumbu ka jira tashin farashi. A zafin ƙasarmu, awa uku zuwa huɗu bayan tatsa ta fara juyawa. Don haka ka san inda za ta tun ba ta fito daga hantsa ba.

Hanyoyin uku ne. Akwai masu fura da nono da masu yin yogot a cikin gari, waɗanda sukan biya da tsada amma ba sa ɗaukar da yawa. Akwai cibiyoyin tattara madara na kamfanoni da ƙungiyoyin makiyaya, irin na L&Z a jihar Kano da na ƙungiyar MILCOPAL a Kaduna, ko cibiyoyin Hamdallaye da Kollo a kewayen Yamai. Farashinsu kan gaza na kasuwa, sai dai suna karɓa kullum, har da damina lokacin da nono ke yin kwantai. Ta uku ita ce a sarrafa a gida, a yi kindirmo da man shanu. Ka je da ƙafarka ka tambaya: ƙarfe nawa suke rufe karɓa, nawa lita, yaushe ake biya, wane gwaji suke yi. Sannan ka hau babur ka auna tafiyar daga gidanka. In ta haura awa ɗaya da rabi kuma ba ka da hanyar sanyayawa, ka karkata ga kindirmo.

A kula: a gidajen makiyaya da yawa nono na mata ne, da kuɗinsa suke cefane da hidimar yara. Idan aka koma kai wa kamfani, kuɗin ya riƙa faɗawa asusun maigida, rigima ce ake shukawa, kuma mai wanke ƙwarya in ranta ya ɓaci, madarar ce za ta nuna. A zauna a yanke rabon uwargida tun farko, ko a yi rajista da sunanta.

2. Ruwa da turke

Saniya mai bayar da madara tana shan lita 50 zuwa 80 a yini, ta fi haka a watannin Maris da Afrilu. In ruwan saye za ka dogara da shi, sa kuɗin kura cikin lissafi tun yau. Ruwan ya zauna a gabanta dare da rana. Shayarwa sau ɗaya a yini tana rage madara ko da abinci ya wadata.

Rumfa ba ta buƙatar tsada. Ka miƙa tsawonta daga gabas zuwa yamma don rana ta bi ta saman rufi, ka ɗaga rufin sosai iska ta ratsa, ka ɗan karkata daɓen yadda fitsari zai gangara waje. Ka ware wani lungu daban mai daɓen siminti don tatsa kaɗai, nesa da inda ake tara kashi.

3. Tara abincin rani

Nan ne ribar take, nan ne kuma ake faɗuwa. Da damina kowa mai madara ne, farashi ya faɗi ƙasa. Daga Fabrairu zuwa Mayu kuwa madara tana tsada saboda shanun daji sun rame, to wanda ya tanadi abinci shi ke cin kasuwar.

Ga lissafin. Saniya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta a kullum. Mai nauyin kilo 300 ke nan tana buƙatar kusan kilo 9. A ce kilo 6 daga ciki harawa ce da ciyawa da kara, sauran kuma dusa da makamantanta. Rani a Arewa yakan kai wata bakwai, wato kwana 210. Shida sau 210 ya ba ka kilo 1,260 na harawa da ciyawa ga saniya ɗaya tak. In shanu uku kake nufi, kana maganar kusan tan huɗu. Wanda bai taɓa yin wannan lissafi ba yakan ga ɗaki ya cika da harawa ya ɗauka ya gama, sai a tsakiyar Fabrairu ya tarar da ɗakin wayam, a daidai lokacin da dami ya ninka kuɗinsa.

Lokacin saye shi ne kaka, Oktoba zuwa Nuwamba. Ka nemi harawar wake da ta gyaɗa mai ganye kore, da kowar wake, da karan dawa da na masara. Ciyawa irin su gamba da harkiya a yanke su kafin su tsufa su yi fure sosai, a shanya kwana biyu zuwa uku, a ɗauke. Ajiyar a ƙarƙashin rufi, bisa katako ko duwatsu. Harawar da aka bari a kan bishiya ko saman kwano rana tana dukanta har ta yi fari, rabin amfaninta ya tafi. Kara kuma a sassara shi gutsi-gutsi kafin a zuba, in ba haka ba sai ta cinye ganyen ta tattake sauran.

Mai gona kusa da ruwa ya gwada silej. Ana yanke masara da ganyenta lokacin da ƙwayar ta fara tauri amma farce na iya huda ta, a daddatsa ƙanana kamar gaɓar yatsa, a zuba a rami ko duro da aka shimfiɗa wa leda mai kauri. Kowane zubi a tattake shi sosai har iska ta fita, a rufe ruf, a danne da ƙasa. Bayan mako huɗu zuwa shida ya nuna, yana ƙamshi mai ɗan tsami. In ka buɗe ka ga baƙi ko fumfuna da wari, iska ta shiga, kada ka ba su wannan ɓangaren.

A kula: dusa ko tunkuzar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai ratsawa cikin madara har ta kai ga yaran da za su sha. Kada arha ta ruɗe ka. Haka nan gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana kashe saniya cikin ɗan lokaci. Leda kuwa a riƙa tsince ta daga harabar gida kullum.

4. Yanzu ka sayi saniya

Bunaji, wato farar saniyar Fulani, ita ce ta fi yawa a wurinmu. Tana da juriya, amma a kiwon daji abin da ake tatsa a jikinta bai cika wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Da kyakkyawan abinci takan ƙaru. Bokolo ta Sakkwato da Azawak ta Nijar sun yi suna wajen madara a cikin shanun gida. Sai kuma ruwa-biyu, wadda aka haɗa Bunaji da Firiziyan ta Turai, aikin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana yi. Irin wannan tana iya ba da lita 8 zuwa 12 in ta sami ci da sha da inuwa.

Shawarata ga mai farawa: shanun gida biyu masu kyau, ka koyi aikin a kansu shekara guda. Ruwa-biyu ba ta yafe sakaci. Kaska da zafi da sammore (cutar da ƙudan tsando ke yaɗawa) suna kayar da ita da wuri, kuma duk yadda jinin Turai ya rinjaya a jikinta, haka wahalarta ke ƙaruwa. Rabi da rabi ya ishe ka.

Kasuwannin Wudil da Maigatari da Potiskum cike suke da shanu, sai dai saniyar tatsa an fi dacewa da ita a ruga ko gona. Ka je da asuba ka ga tatsarta da idonka, kwana biyu a jere, ka auna da mudunka. A kasuwa ana iya hana maraƙi tsotso tun jiya don hantsa ta cika ta ba ka sha'awa. Ka zaɓi mai haihuwa ta biyu ko ta uku, da ɗanta a gindinta. Ka shafa hantsar bayan an tatse: ta zama laushi ba dunƙule a ciki, kan nonon huɗu duk suna zuba. Ka tambayi ko ta taɓa ɓari. Ka tafi da malamin dabbobi, kuɗin da za ka ba shi bai kai asarar saniya guda ba. In ka kawo ta gida, ka ware ta mako uku kafin ta haɗu da sauran.

5. Ciyarwar yau da kullum

Harawa da ciyawa su ne tushe, a ba ta har ta ƙoshi. Abinci mai ƙarfi kuma gwargwadon madararta ake bayarwa: kilo ɗaya a kan kowace lita biyu zuwa biyu da rabi. Haɗin da nake yi shi ne mudu biyu na dusar masara ko ta alkama, mudu ɗaya na tunkuzar auduga, da ɗan gishiri. Kanwa ko dutsen lasa ya zauna a gefe. A raba shi biyu, safe da yamma a lokacin tatsa, don ta saba ta tsaya da kanta.

A kula: duk sabon abinci a shigar da shi sannu a hankali cikin mako guda. Saniyar da aka tula wa dusa ko tsaba rana ɗaya cikinta kan kumbura. Tunkuzar auduga da angurya kuma ba na ƙananan maruƙa ba ne.

6. Haihuwa da maraƙi

Dakashi haƙƙin maraƙi ne, ya sha shi cikin awa shida na farko, domin a nan yake samun kariya daga cututtuka. A goge cibiyarsa da aidin. Madarar kwana biyar na farko ba ta sayarwa ba ce, tana tsinkewa in aka tafasa, za ta kuma ɓata sauran.

Shanun gida ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu, don haka ran maraƙi shi ne ran sana'ar. Yana buƙatar kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa a yini, wato wajen lita biyu ga sabon haihuwa. Ka bar masa kan nono guda cikakke. Na ga gidaje da yawa da suka tatse saniya ƙarƙaf don kuɗin yau, maraƙi ya rame ya mutu, uwar ta ƙafe, aka yi biyu babu.

7. Tatsa

Lokaci ɗaya kullum, safe da yamma, mutum ɗaya in zai yiwu. Kafin a fara a tanadi bokitin silba ko na alminiyam, ruwan ɗumi, sabulu, tsumma mai tsabta ga kowace saniya, ƙaramin kofi mai baƙin ciki, farin ƙyalle na tacewa, da igiyar dabaibayi. Ƙwarya tana da kyau ga nono na gida, amma wadda ta tsage tana ɓoye tsohon nono a tsagin, shi kuma yake tsinka sabuwar madara.

Mai tatsa ya yanke farce ya wanke hannu da sabulu. Mai tari ko gudawa ko gyambo a hannu ya huta ranar. A saki maraƙi ya ɗan tsotsa har nono ya sauko, a janye shi a ɗaure a gaban uwar. Sai a wanke kan nonon da ruwan ɗumi, a goge ya bushe sarai. Wannan gogewar mutane ke tsallakewa, alhali ruwan da ke ɗiga daga jikin hantsa zuwa bokiti shi ne babbar ƙofar ƙazanta.

Tatsa biyu ko uku na farko daga kowane kan nono a yi su cikin baƙin kofin nan a duba. In ka ga gudaji, ko zare-zare, ko ruwa-ruwa, ko jini, ko ka ji ɓangaren ya yi zafi da tauri, ciwon hantsa ne. Wannan saniya a tatse ta a ƙarshe, a zubar da madarar, a kira malamin dabbobi a ranar. Jinkirin kwana uku kan kashe kan nono har abada, ka rasa kashi ɗaya cikin huɗu na madararta.

A tatsa da cikakken hannu, ana matsawa daga sama zuwa ƙasa, ba ja da yatsa biyu ba. Kada a tsoma yatsa cikin madara don jiƙa hannu. A yi sauri: sakin nono minti biyar zuwa bakwai ne, in ya wuce ta janye. Tsawa, duka, haushin kare, duk suna sa ta riƙe. Bayan an gama a zuba mata abinci don ta tsaya a tsaye kamar rabin awa, har ƙofar kan nonon ta rufe kafin ta kwanta a ƙasa.

8. Awa biyu na farko

Da an gama, a fitar da madara daga wurin shanu, don tana ɗaukar wari. A tace da farin ƙyallen da aka tafasa aka shanya a rana. A zuba a garwar madara mai faɗin baki wadda hannu ke shiga a wanke. Jarka mai ƙaramin baki ba ta wankuwa, wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa ko kusa.

Mai firij ko firiza mai aiki da sola ya sauko da ita zuwa digiri 4 cikin awa biyu zuwa uku. Wanda ba shi da shi ya tsoma garwar cikin randa ko baho mai ruwan sanyi a inuwa, ya naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, ya kama hanya kafin rana ta ɗaga. A cika garwa sosai, don wadda ke rabi tana kaɗuwa a kan babur har mai ya fara tashi.

A kula: kada a haɗa madarar daren jiya da ta safe mai ɗumi. Na taɓa yin haka a farkon farawata, aka dawo mini da lita ashirin daga wurin karɓa. Ta yamma in babu sanyi a dafa ta a yi kindirmo.

Dafawar ba ta da wuya. Mai ma'aunin zafi ya riƙe ta a digiri 63 na minti 30, wanda ba shi da shi ya bari ta tafasa yana juyawa. A sauke ta huce har yatsa mai tsabta ya iya jure ɗuminta, a zuba cokali biyu zuwa uku na kindirmon jiya mai kyau a kowace lita, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi ya kwana. Ɗanyar madara kuwa kada a ba kowa, yaro ko babba. Bakkale (cutar da ke sa shanu ɓari) da tarin fuka suna bi ta cikinta, kuma saniya na iya ɗauke da su tana ƙiba abinta.

Wanke kaya: a fara ɗauraye da ruwan sanyi, sannan ruwan zafi da sabulu da buroshi, a sake ɗauraya, a kife a kan tanka a rana. In aka fara da ruwan zafi, madarar daskarewa take a jikin ƙarfe.

9. Abin da za a gwada a wurin karɓa

Za su buɗe su shinshina. Za su haɗa ɗan madara da alkohol daidai wa daida, in ta tsinke ta fara tsami ko akwai dakashi ko ciwon hantsa. Za su tsoma laktomita, wadda ke nuna nauyin madara; mai kyau tana tsayawa wajen 1.028 zuwa 1.032, wadda aka yi wa ƙarin ruwa kuma ta sauka ƙasa. Kana iya yin naka gwajin a gida: ɗebi cokali guda ka ɗora a wuta, in ta guntse kada ka wahalar da kanka da tafiya.

Ƙarin ruwa, ko garin rogo, ko kanwa don ɓoye tsami, algus ne, kuma garwa ɗaya tana ɓata tankin jama'a gaba ɗaya. In ku da yawa ne a unguwa, ku haɗa kai ku ɗauki mai babur guda, amma a gwada ta kowa daban kafin a juye.

10. Rigakafi da magani

Allurar ciwon huhu duk shekara, haka ta harbin daji da ta saifa kafin damina. Cibiyar Vom da ke jihar Filato tana yin waɗannan, ana samu ta hannun ofisoshin dabbobi. Maganin tsutsa da na hanta a farkon damina da ƙarshenta, musamman ga masu kiwo a fadama. Kaska a duba ta kowane mako a hantsa da ƙarƙashin wutsiya, da maganin dabbobi, ba na feshin gona ba.

A kula: duk saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta ko ta sammore, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar da ba a shan madararta. A kiyaye su cif. Irin wannan madara ba ta kama kindirmo, tana kuma cutar da mai sha. A ɗaura wa saniyar jan ƙyalle a ƙaho don kowa a gidan ya gane. In saniya ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan ko mahaifar da hannu tsirara, a binne da zurfi, a nemi a gwada jininta.

11. Littafi da baye

Ka sayi littafi mai arha, kowace saniya da shafinta: litar safe, litar yamma, ranar haihuwa, ranar baye, magani. A ƙarshen mako ka haɗa kuɗin harawa, dusa, ruwa, magani, man babur da ladan yaro, ka raba da farashin lita. Abin da ya fito shi ne yawan litar da sai ka sayar kafin ka fara cin riba. Taki da maraƙi su ma kuɗi ne, a rubuta su. Saniyar da ta yi wata uku ba ta biyan abincinta alhali lafiyarta ƙalau, a sayar a musanya.

Saniyar da ba ta haihuwa ba ta madara, don haka daga wata biyu bayan haihuwa ka sa ido a kan neman sa. Yana zagayowa kusan kowane kwana 21: za ta riƙa kuka, ta hau 'yan'uwanta, ta tsaya a hau ta, farin ruwa mai yauƙi yana zuba. In bayen allura za a yi, wadda aka gani da safe a yi mata da yamma, wadda aka gani da yamma a yi mata washegari da safe. Ciki wata tara ne da 'yan kwanaki. Wadda aka yi wa baye a Fabrairu za ta haihu a Nuwamba, harawa tana arha, madararta ta kai ƙololuwa a Disamba da Janairu, ta ratsa da kai cikin rani lokacin da masu saye ke bin mutane har gida. Sai dai baye a Fabrairu ba ya kamawa ga ramammiyar saniya, shi ya sa mataki na uku ya riga wannan. Idan ya rage wata biyu ta haihu, a rage mata dusa na 'yan kwanaki, a daina tatsarta gaba ɗaya, a riƙa duba hantsar har ta saki. A mako uku na ƙarshe a dawo mata da dusar kaɗan-kaɗan.